Wace Galmi Kake Nema?

Garin Galmi, da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni ta nufi Maraɗi, abu biyu ne suka fitar da sunansa duniya. Ɗaya albasa, jar nan mai yaji da ake lodawa a manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Ɗayan kuwa asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda marasa lafiya ke zuwa daga ko'ina cikin Nijar, har da na tsallaken iyaka daga ƙasar Sakkwato. A tashar Ƙonni, in fasinja ya ce Galmi za shi, ɗan kamasho ba sai ya tambaye shi dalili ba. Kallo ɗaya ya ishe shi ya bambance mai ɗamarar kuɗi a ƙugu da mai riƙe da tsohuwa a hannu. Google ba shi da wannan idon, kalmar kawai yake gani. Shi ya sa aka samu wata sana'a wadda ba a cika jin labarinta ba, ta mutumin da ke zama ya karanta ainihin abin da jama'a suka rubuta kafin tallan wani ya fito musu. Sana'a ce ta haƙuri da kunne, kuma ni tana burge ni fiye da yawancin abin da ake kira ƙwarewar zamani.

Ga yadda abin yake tafiya. Duk lokacin da wani ya rubuta abu a Google, kafin shafin ya gama buɗewa an yi gwanjo an tashi. Masu talla sun riga sun faɗi kalmomin da suke so tallansu ya biyo, da iyakar abin da za su iya biya. Google ya duba tayin kowa, ya duba dacewar tallansa da abin da aka nema, ya jera su a saman shafi. Fitowar talla ba a biyan ko dala. Sai mutum ya sa yatsa ya danna sannan kuɗi ya fita daga asusun mai talla, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wato ɗan kamasho ne da ake biya a kan kowane mutum da ya kawo ƙofar shagonka, ba a kan wanda ya sayi kaya ba. Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san abin da irin wannan yarjejeniya ke haifarwa in maigida ba ya leƙo waje.

Dabarar ba Google ne ya ƙirƙiro ta ba. Wani Ba'amurke, Bill Gross, shi ya fara ta a 1998 da kamfaninsa GoTo.com, wanda daga baya ya zama Overture, Yahoo ya saye shi a 2003. Google ya buɗe nasa, AdWords, a Oktoban 2000, ya koma tsarin biya a kan dannawa a 2002, sannan ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne, kalmar da ka saya daban, abin da mai nema ya rubuta daban. Kai ka sayi "oignon Galmi". Shi kuma wancan, yana zaune a wani gari da salula a hannu, ya rubuta abin da ke ransa da irin bakinsa. Google ne ke tsakani, shi ke yanke hukuncin ko maganarku ta zo ɗaya. Wurin da kawai za ka ga hukuncin da ya yanke a madadinka shi ne wani shafi da ke ɓangaren rahotanni, rahoton kalmomin nema, wanda masu aiki da Faransanci ke gani da sunan "termes de recherche".

A ce wani babban ɗan kasuwar albasa a Ƙonni, ɗansa da ya yi karatu a jami'ar Tawa ya buɗe masa shafin intanet, ya zuba jika goma a talla. A ce kuma kowace dannawa dala ashirin ce, don lissafi ya yi sauƙi: mutum ɗari ke nan za su shigo. Bayan mako guda kuɗi sun ƙare, waya ba ta yi ƙara yadda aka zata ba, Alhaji ya ce da ma ya san wasan yara ne. Gwani in ya zo ba ya musu da shi. Rahoton yake buɗewa. Abu na farko, ya ƙara layin da ke nuna wace kalma ce cikin waɗanda aka saya ta jawo kowane nema, domin Google ba ya fito da wannan layin sai an kira shi. Na biyu, ya jera komai daga wanda ya fi cin kuɗi zuwa ƙasa. Sai ka ga abubuwa sun fito fili. Wani ya rubuta "prix sac oignon Galmi": wannan mai saye ne, ko mai shirin saye. Wani "grossiste oignon Niger Abidjan": wannan ai shi ake nema ruwa a jallo. Amma a sama da su duka, waɗanda suka fi lashe kuɗin, "hôpital de Galmi numéro" da "Galmi hospital" da "likitar Galmi". In arba'in cikin ɗarin nan asibiti suke nema, jika huɗu ta tafi a kan mutanen da albasa ba ta gabansu a ranar.

Kuma ba Alhaji kaɗai ya yi asara ba. Wanda mahaifiyarsa ke kwance, yana neman lambar likita da ɗan megan da ya rage masa, ya danna abin da ya fara gani a sama ya tarar da hoton buhuna, shi ma an ɓata masa lokaci a ranar da ba shi da na ɓatawa. Rahoton ba ya nuna sunan kowa, ba ya nuna lambar waya, kalmomi ne zalla. Duk da haka mai karanta shi da hankali yana jin mutanen a bayansu.

Akwai wani layi da ya fi waɗannan wuyar hukunci: "semence violet de Galmi". Sunan albasar Galmi ya zama sunan iri, kamfanonin iri na sayar da shi cikin gwangwani da leda a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Wanda ya rubuta haka manomi ne, mai yiwuwa a Senegal ko Burkina Faso, iri yake so ya shuka, ba mota guda ta albasa ba. Mai gaggawa toshe kalmar zai yi nan take. Gwani kuwa sai ya ɗaga kai ya tambayi maigidan: "Alhaji, ana samun iri mai kyau a wajen manoman da kake saye hannunsu?" In amsar e ce, to rahoton ya nuna masa kasuwar da bai san yana tsaye a bakinta ba. A nan nake ganin bambancin mai duba lissafi da mai sana'a. Na farko ɓarna kawai yake farauta. Na biyu yana sauraron abin da mutane ke roƙo wanda ba a kawo musu ba tukuna.

Me ya sa Google ke sakin jiki haka da kalmar mutum? Domin mai talla ne ke zaɓar irin ɗaurin da zai yi mata, kuma iri uku ne. In ka rubuta kalmar haka nan tsirara, ka sake ta ke nan, Google na da izinin nuna tallanka ga duk neman da ya ga yana da dangantaka da ita, ko da kalmar ba ta fito a ciki ba. In ka sa ta tsakanin alamun zance, ka rage masa igiya, sai neman ya ƙunshi ma'anar abin da ka rubuta. In ka kulle ta cikin baka mai kusurwa, ɗaurin tamau ke nan. Sai dai tamau ɗin yau ba na da ba ne. A 2014 Google ya cire wa masu talla damar ƙin jam'i da kuskuren rubutu da makamantansu. A 2018 ya ce ko kalmar da aka kulle tana iya kamo wata dabam muddin ma'anarsu ɗaya a ganinsa. A 2021 ya soke wani ɗauri na huɗu, mai alamar tarawa, wanda masu sana'ar ke ji da shi. Hujjarsa ita ce, kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema kowace rana ba a taɓa rubuta irinsa ba, don haka babu mai iya tsara jerin da zai kama kowa. Hujjar gaskiya ce. Amma ba laifi mutum ya lura cewa duk sassaucin da aka yi, wanda ake biya a kan dannawa shi ya fi amfana da shi.

To, in wannan matsala ce a Landan ko Paris, inda na'urar ta ƙoshi da harshen mutanen, a Ƙonni ninki ce. Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke bari a zaɓa wa talla, duk da cewa tun Maris na 2025 Nijar ta ɗauke ta a matsayin harshen ƙasa. Mai talla dole ya rubuta da Faransanci ko Ingilishi. Mai nema kuwa ba ruwansa da wannan doka. Ɗan Ƙonni ya yi lakwal da Faransanci, abokin cinikinsa na Illela ya yi boko da Ingilishi, a kasuwa Hausa suke yi, lissafi kuma rabi sefa rabi naira. In ya zo rubutu sai ya gwamutsa: "prix albasa yau", "kudin buhun oignon", ba ƙugiya a kan harafi ko ɗaya. Sunan Ƙonni kansa ba a daidaita a kansa ba: Konni, Birni N'Konni, Birnin Konni, Kwanni. Na'ura tana ƙoƙari, amma cankar ma'ana a irin wannan gauraye ba ta kai ta yaron da ya tashi tsakanin duwan ɗin Ƙonni da kwastan ɗin Illela ba. Wannan yaron, in ya koyi karanta rahoton, yana da abin da ƙwararren da ke zaune a Turai ba zai iya saya ba.

Ɗauki Illela. Guda biyu ne. Akwai ta Nijeriya, a jihar Sakkwato, wadda ke kallon Ƙonni ta tsallaken iyaka, mai babbar kasuwar dabbobi ranar Lahadi. Akwai kuma ta Nijar, babban garin gundumar da Badagishiri ke ciki, can arewa wajen hanyar Tawa. A takardun hukuma, Illelar Nijar na ɗauke da 'yar alama a kan harafin e, amma wa ke tsayawa sa alama a salula? Mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, in ya sayi kalmar Illela, dole ya koyi gane kowace daga abokan tafiyarta. In ta zo tare da "border" ko "boda" ko "Sokoto" ko "naira", tasa ce. In ta zo da "préfecture" ko "mairie" ko "Tahoua", ta wasu ce. Haka dillalin siminti da ya sayi sunan Malbaza zai tarar da "prix tonne ciment Malbaza" a layi ɗaya, a layi na gaba kuma "recrutement cimenterie Malbaza", wato samari masu neman aiki a masana'antar. Allah ya ba su, amma ba daga aljihun dillali ya kamata kuɗin nemansu ya fito ba.

Har Ƙonnin ma tana da takwara. Akwai wani gari mai suna Konni a jihar Kerala ta Indiya, wanda aka sani da wurin renon giwaye, kuma tun 2017 masana tsaron kwamfuta ke kiran wata muguwar manhajar leƙen asiri da wannan suna. Mai masaukin baƙi da ya sayi "hotel Konni" bai killace ƙasashen da yake so ba, yana iya wayar gari yana biyan kuɗin Indiyawa masu shirin zuwa kallon giwa. A wajen killacewar ma akwai tarko, domin zaɓin da Google ke sa wa mutum tun farko ya haɗa waɗanda ke cikin wurin da waɗanda kawai suka nuna sha'awarsa daga nesa. Ga mai masauki wannan daidai ne, baƙo ai daga nesa yake nema. Ga mai sayar da gas ɗin girki a cikin gari, asara ce.

Maganin duk wannan shi ne kalmar hani: ka gaya wa Google cewa duk neman da wannan kalma ta fito a ciki, kada tallana ya leƙa. Da jin sa abu ne mai sauƙi, amma a nan ake gane hannu. Kalmar da ka saya, Google na miƙa ta ya kamo danginta. Kalmar da ka hana kuwa ba ya miƙa ta haka, ba ta kamo jam'inta, ba ta kamo wata mai ma'ana irin tata. Ko mai alama a ka da marar alama, a ƙa'idarsa kalmomi biyu ne. Don haka mai albasa ba zai hana "hôpital" ya tafi barci ba. Sai ya bi da "hopital", da "hospital", da "asibiti", da "likita", da "docteur", da "clinique", ya tara su a jeri guda ya liƙa wa duk tallace-tallacensa. Kuma ya san inda zai tsaya. Na farkon koyo, in ya ga asibiti ya cinye masa kuɗi, sai haushi ya sa ya hana "Galmi" ɗungurungum, ya kori masu sayen tare da marasa lafiyan. Wani ya hana "prix" wai masu tambayar farashi 'yan kallo ne, alhali babu cinikin da ba da tambayar farashi ya fara ba.

Akwai kuma haƙurin jira. Kalma ta ci dannawa biyu ba ciniki, wannan ba hujja ba ce, mutum biyu na iya shiga shago su fita hannu wofi a kan kaya mafi kyau. Gwani ba ya yanke hukunci sai adadin ya taru. Da yake yawancin abin da mutane ke rubutawa sau ɗaya yake fitowa ba ya maimaituwa, sai ya kwashe rahoton ya zuba a jadawalin kwamfuta, ya farfasa jimlolin kalma-kalma, ya tara abin da kowace kalma ta ci a duk inda ta fito. A nan ne ɓarnar da ta ɓuya ke bayyana. "Gratuit" ba ta taɓa zuwa saman jeri ba, amma ta ɓoye cikin jimloli hamsin, kowace ta ɗauki 'yar dala ashirin ɗinta ta wuce. Haka ma alheri: sai ka ga duk neman da "camion" ko "tonne" ko "livraison" ta fito a ciki, shi ke kawo kiran waya. Waɗannan sai a ciro su, a saye su da kansu, a rubuta musu tallan da ke amsa su da bakin da suka yi tambaya.

Aikin ba ya ƙarewa, domin bakin mutane na sauyawa da lokaci. A kakar albasa, sa'ad da kaya suka cika kasuwa farashi ya faɗi, masu nema daban ne da na lokacin da albasar rumbu ta fara ƙaranci. Labarai ma na shigowa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, Illela na cikin huɗun farko da aka sake buɗewa a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A irin waɗannan watanni duk wanda ke da ɗan'uwa ko kaya a ɗaya gefen yana son ya ji ko an buɗe boda, kuma labari yake nema, ba mai fitar da kaya ba. Wanda ya bar tallansa a sake a kan sunan Illela bai leƙa rahoto ba, shi zai biya kuɗin zullumin jama'a.

Ba na cewa kasuwar Ƙonni ta koma intanet. Motar albasa har gobe da kiran waya ake sayar da ita, da saƙon murya a WhatsApp, da amanar da aka gada tsakanin maigida a nan da dillali a Abijan. Tallan da aka fi sani kuma na Facebook da TikTok ne, inda kai ne ke tare mutum yana tsakar kallon wani abu. Bambancin tallan nema shi ne mutumin ne ya fara magana, ya faɗi buƙatarsa tun ba a tambaye shi ba. Ga mai masauki, da mai motocin haya, da mai sayar da iri da taki ga manoman fadamar Ƙonni, da mai faifan hasken rana, da duk wanda ke son sabon abokin ciniki daga garin da ba shi da kowa, wannan magana ta farko tana da daraja ko da kasafin tallan bai wuce 'yan jikkuna ba. Hasali ma mai ƙaramin kasafi ya fi buƙatar karanta rahoton, domin shi ne jika huɗu ke yi wa ciwo.

Sai dai Google bai bar taga a buɗe duka ba. Tun 2011 ya fara ɓoye wa masu shafuka kalmomin da ke kawo musu baƙi ta hanyar nema na kyauta, ya bar wa masu biya nasu. A Satumban 2020 ya taɓa na masu biyan ma, ya ce daga yanzu sai kalmar da mutane da yawa suka nema za ta fito a rahoto, don kare sirrin jama'a. A 2021 ya dawo da wani ɓangare, amma har yanzu a ƙasan rahoton akwai layi guda da ke tara sauran kalmomin da ba a nuna ba, da jimlar kuɗin da suka ci. Batun sirri ba ƙarya ba ne, mutum na iya rubuta sunansa da cutarsa a jimla ɗaya. Amma wannan ƙa'ida ta fi dukan irinmu. Inda masu nema ba su da yawa, kuma kowa na rubutu da irin haruffansa, jimloli kaɗan ne ke maimaituwa har su kai adadin da za a nuna. Mai talla a Ƙonni na iya tarar da kaso mai tsoka na kuɗinsa a wannan layi na ƙasa, an karɓa ba a gaya masa a kan me ba.

Masu sana'ar ba su zauna kuka ba. Suna auna layin ɓoyen da jimlar abin da aka kashe, in ya yi ƙiba su ƙara ɗaure kalmomin da aka saya, su rage sakakku. Suna raba tallace-tallace gida-gida, albasa daban, iri daban, sufuri daban, yadda ko ba su ga kalmar ba za su san daga wane ɗaki kuɗin ke zurarewa. Suna buɗe rahoton na wata uku maimakon mako guda, don ƙananan kalmomi su taru su fito. Sannan suna sa yaron shago ya riƙa tambayar duk baƙon da ya kira, bayan an gaisa an tambayi iyali da gajiya: "Ranka ya daɗe, me ka rubuta ka same mu?" Amsar a rubuta ta a littafin shago yadda ya faɗe ta, da Hausarta da Faransancinta, ranar Juma'a a haɗa da abin da rahoton ya nuna.